In an kwashe fursunoni zuwa Janguza, kotunan Kano fa ina za su?

Telan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ba lauya ba ne, tela ne, shagona yana Kurna. Amma shekara uku ke nan da 'yan watanni ina raka yayata kotu a kan gidan da mijinta ya rasu ya bari, har ta kai in na tsaya a bakin ƙofa masu sabuwar ƙara ni suke tambaya inda ake yankar sammaci. Don haka a yi mini uzuri in na yi shisshigi a fagen da ba nawa ba.

Abin da ya taso da maganar shi ne labarin da aka ji a 2025, cewa gwamnatin Abba Kabir Yusuf tana son mayar da gidan yarin Kurmawa gidan tarihi, a kwashe mutanen ciki zuwa sabon da aka gina a Janguza, mai ɗaukar mutum 3,000. Ban ƙi ba. Gini ne tun na 1910, ga shi a tsakiyar gidajen mutane, dab da gidan Sarki. Sai dai wanda aka tsare yana jiran shari'a dole a riƙa kawo shi gaban alƙali. Daga Janguza sai ka wuce sabuwar jami'ar Bayero, ka wuce Rijiyar Zaki, ka faɗo Kabuga, sannan ka fara tunanin Nomansland ko Bompai. Duk wanda ya san titin Gwarzo da safe ya san abin da nake nufi.

Ga kotunan kuma kamar an watsa wa kaji tsaba. Babbar kotun jiha wani sashe yana sakatariyar Audu Bako, wani yana Miller Road a Bompai. Ta tarayya tana Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi. Majistare akwai a Nomansland, akwai a Gidan Murtala. Kotunan Musulunci ga Ƙofar Kudu, ga Shahuci, ga sauran unguwanni.

Bari in ba ku labarin rana ɗaya. Saura kwana tara Sallah ƙarama, ɗinkin mutane jibge a shago, na rufe na ɗauko Yaya tun bakwai da rabi. Ciwon gwiwa gare ta, hawa adaidaita ma sai an kama ta. Takardunta a cikin leda baƙa take riƙe su, ledar kuma a cikin hijabi: takardar cinikin gidan da ta fara rabewa a wajen ninki har muka manne ta da salatif, da hotunan kwafi da suka dushe. Muka zauna a benci ƙarƙashin darbejiya. Wajen tara da rabi aka kira mu. Lauyanmu ba ya nan, yana wata kotu can ɗaya gefen gari, shi ma tara aka sa masa. Na kira shi ya ce yana hanya, gosulo ne. Kafin ya iso an ɗage mu mako shida. Ya shigo da gumi, kwat a hannu, yana ba mu haƙuri. Yaya ba ta ce komai ba, ta mayar da ledarta cikin hijabi muka fito. A hanya ne kawai ta ce da ni, "Auta, da kotunan nan a gida ɗaya suke, da ya leƙo."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Shi ne nake tambaya: me zai hana a samu fili guda a tara su duka, kotuna da ofisoshin lauyoyi da wurin tsare masu jiran shari'a, kamar yadda Kwari ta tara 'yan atamfa? In za a yi, a ina? Kuma wa ke da wuƙa da nama a kan haka, gwamna ne ko alƙalai?

Barista a Zoo Road ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba Yaya lafiya. Abin da ya samu lauyanku ya same ni ba sau ɗaya ba, don haka ba zan jefe shi ba, amma kuma ba zan wanke shi tas ba: ya kamata ya tura wani ya riƙe masa, ko ya rubuto a jinkirta kiran ku zuwa sha ɗaya.

Tambayarka ta ƙarshe zan fara ɗauka, don a nan gizo yake saƙar. Kotunan da ka lissafa ba na mutum ɗaya ba ne. Babbar kotun tarayya, da kotun ma'aikata, da kotun ɗaukaka ƙara reshen Kano, duk na gwamnatin tarayya ne, kuɗin gininsu daga Abuja yake fitowa. Babbar kotun jiha da majistare suna ƙarƙashin Babbar Jojin jiha, Mai Shari'a Dije Abdu Aboki, mace ta farko da ta riƙe kujerar a Kano, tun 2023. Kotunan Musulunci kuma suna ƙarƙashin Girandi Kadi. Fili yana hannun gwamna bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978. Gidajen yari na tarayya ne, sai a gyaran tsarin mulki na 2023 aka ba jihohi damar su ma su gina nasu. Ka ga abin da kake nema sai hannu huɗu ko biyar sun haɗu a akushi ɗaya, kuma kowa da kasafinsa da lokacinsa.

A ra'ayina, manyan kotuna a haɗa su. Babbar kotun jiha ta daina zama gida biyu, ta tarayya da ta ɗaukaka ƙara su kasance inda za a taka da ƙafa. Mu da muke yawo tsakaninsu ba mu da yawa, kuma mu ne muke jawo rabin ɗage-ɗagen da kuke sha.

Amma akwai abin da nake tsoro. Ranar 1 ga Agusta 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an fasa babbar kotu a sakatariyar Audu Bako, an yi ɓarna, an kwashe takardu da kayan shaida. A Legas, a Oktoban 2020, an ƙone babbar kotun Igbosere, wadda ta fi kowacce tsufa a can, daga baya ma rushe ta aka yi. In ka tara fayil ɗin jiha guda a unguwa ɗaya alhali duk a takarda suke, ashana ɗaya ta ishe su. Don haka kafin a aza bulo ko ɗaya, ni da za a ji tawa, sai a fara ɗaukar hoton kowane fayil a adana a kwamfuta, a ajiye kwafi a wani wuri dabam. Wannan ba ya bukatar fili, ba ya bukatar bikin aza harsashi, wataƙila shi ya sa ba ya burge 'yan siyasa.

Sai maganar ƙarfe tara. Kusan kowace kotu tara take sa wa kowa, ko ƙara talatin gare ta a ranar. Da za a raba, waɗannan tara, waɗannan sha ɗaya, waɗannan bayan azahar, da Yaya ba ta yi asarar mako shida ba ko da kotunan suna nan inda suke.

Tsohon Muhuti ya amsa:

Ɗana, jikata ce take rubuta mini, ni idona ya yi rauni. Na yi aiki a gaban alƙalai fiye da shekara talatin kafin in ajiye, kuma abin da kake nema ai Kano ta taɓa yin sa, ba sabo ba ne. Ka tsaya a Ƙofar Kudu ka duba. Ga fada, ga babban masallaci, ga Kurmawa, ga Shahuci, Kurmi ma ba nisa. Mai ƙara da wanda ake ƙara da shaidu da dogari duk da ƙafa suke zuwa. A Shahucin nan aka buɗe makarantar koyon alƙalanci a 1928, sannan a 1934 aka kafa makarantar shari'a wadda daga baya ta zama makarantar nazarin Larabci, har daga wasu lardunan ake turo ɗalibai. Wato har inda ake dafa alƙalan yana cikin unguwar. Garin ne ya fi ƙarfin ganuwa. A ƙarshen shekarun 1960, zamanin Audu Bako, aka karɓe kotuna daga hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, suka koma na gwamnatin jiha, sai kowace ta bi inda aka samu gini. A 2000 kuma aka mayar da su kotunan shari'ar Musulunci.

To amma ka saurare ni da kyau. Manyan kotuna na masu kwat, a kai su duk inda aka ga dama, Barista yana da mota. Kotun alƙali kuwa kada a kuskura a ɗauke ta daga cikin mutane. Wa yake zuwa can? Matar da miji ya bar ta da 'ya'ya huɗu ba ci ba sha. Yarinyar da take neman a raba aure. Marayun da baffansu ya zaune musu a kan gona. Yawancinsu ba lauya, kuɗin motar ma rance ne. In ka ce da matar Rimin Kebe ko ta Ɗorayi sai ta je bayan gari kafin ta ga alƙali, ba za ta je ba, za ta haƙura ta bar wa Allah, kuma a takarda sai a ce ƙararraki sun ragu.

Sannan shari'armu a kan shaidu take tafiya. An ce zumunta a ƙafa take, to shaida ma haka. Dattijon da ya halarci cinikin gida shekara ashirin da suka wuce zai tako ya zo in kotun tana bayan layinsu, don kunyar idon marayu. Amma ba zai hau mota biyu ya wuni da yunwa a kan abin da ba shi da ko sisi a ciki ba. Na sha ganin gaskiya ta faɗi don shaida ɗaya ya gaji da zuwa. Kuma rabon gado ba a zaune ake yin sa ba. Mukan fita da magini da mai unguwa, a auna ɗaki ɗaki, a yi wa gida kuɗi, a dawo a rubuta. In kotu tana nesa, fitar da za a yi da hantsi a dawo kafin azahar sai ta zama ta wuni guda, kuma magada ne za su biya.

Ni abin da zan roƙa a ƙara yawan ƙananan kotuna ne a sababbin unguwanni, a kuma gina musu nasu na kansu. Na yi aiki a wata da take gidan haya, ɗakin ajiyar takardunmu asalinsa kicin ne, damina ɗaya gara ta cinye mana littafin shari'a na shekara biyu. Ka gaishe da yayarka, ka ce ta riƙe ainihin takardar cinikin nan a gida, kwafi kawai za ta riƙa fita da shi sai ranar da aka nema.

Maman Khalifa ta amsa:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ni ta wani ɓangaren zan shigo, don ni a bakin kotu nake cin abinci. Ina da kwamfuta ɗaya da firinta da ƙaramin janareta a cikin kwantena, ina buga takardar rantsuwa: canjin suna, shekarun haihuwa, ɓatan takardun makaranta, ɓatan layin waya. Kusa da ni mai hoton fasfo ne, sai mai kwafi, sai mai shinkafa da wake, sai yaron da yake sayar da fayil da ambulan. Da ku ka ga kotu, mu ma muna cikinta, ko da ba a zana mu a taswira ba.

Duk sanda aka ce za a yi sabon wuri, sai a zana gini mai kyau da filin ajiye motoci da furanni, a manta da mu. Mu bi mu kafa rumfa a bakin katanga don dole mutane suna bukatar mu, bayan shekara biyu a zo da katafila a ce mun ɓata tsari. Ku tambayi masu magani da aka tasa daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024, ko da yake su an gina musu shaguna, mai ƙaramin jari ya ji a jikinsa. In za a yi, a sa layin shaguna ƙanana a cikin zanen tun farko, a ba mu haya daidai ƙarfinmu.

Sai abin da maza ba sa gani. Mace ta zo tun takwas da goyo, ba a kira ta ba sai ɗaya. Ina za ta kama ruwa? Ina za ta shayar? A inda nake, kwantenata ce ɗakin shayarwa, na sa labule da tabarma a bayan firinta saboda haka, buta kuwa na sayi ta fi goma duk sun bi mutane. Kuma benci ɗaya ake haɗa mace da dangin mijin da suke shari'a da ita, suna yada mata habaici har a kira su, ta shiga gaban alƙali jikinta na rawa ta kasa faɗin rabin abin da ta zo da shi. Wurin jira biyu kawai ake bukata, da rumfa, da famfo mai ruwa. Wannan ko a tsofaffin kotunan za a iya yi kafin azumi.

Mai Taswira ya amsa:

Ni tsara birane na karanta. A gajarce: fili ba shi ne matsala ba, hanya ce. Kano ta taɓa samun tsari na shekara ashirin, na wani masanin tsara birane mai suna Trevallion, daga 1963 zuwa 1983, garin ya tsallake shi ya bar shi a baya. Yau ƙananan hukumomi takwas ne suka haɗe suka zama birnin. Duk filin da zai ɗauki abin da Malam yake so sai a bakin gari, ko titin Zariya, ko titin Gwarzo, ko hanyar Dawanau, kuma duk wanda ka zaɓa ka kusanta wa kashi ɗaya ka nesanta wa uku. Mun ga yadda rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo suka daɗe ba su cika ba, alhali gine-ginen ba su da laifi.

Da ni ne, manyan kotuna sai a yi sama da su a inda gwamnati take da fili a tsakiyar gari, hawa biyar ko shida, da lifta mai aiki saboda irin su Yaya. Janguza kuma a kai mata alƙalai maimakon a riƙa jigilar fursunoni: a gina ɗakunan majistare a cikin gidan yarin, a riƙa zama a can.

Barista a Zoo Road ya sake amsawa:

Mai Taswira, na yarda da kai har zuwa kalmar "a cikin". Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce shari'a a bainar jama'a ake yin ta. In kotu tana bayan katanga, sai ganduroba ya ga dama uwa za ta shiga ta ga ana yi wa ɗanta shari'a, ɗan jarida ma haka. A gina a waje, jikin katanga, ƙofa ɗaya ta fursuna ta ciki, ɗaya ta jama'a ta bakin titi. Zaman da ba na sauraron shaidu ba, irin wanda ake kawo mutum a ambaci ƙara a sake ɗagewa, ana iya yin sa ta bidiyo in akwai wuta da intanet. Sai dai a sani, da yawa daga masu manyan laifuka da suke tsare ba mota suke jira ba, shawarar lauyoyin gwamnati suke jira kafin a kai su kotun da take da hurumi. Wannan ko kotun a kan gadonsu take ba za ta motsa ba sai fayil ya dawo.

Telan Kurna ya dawo:

Na gode ƙwarai. Na karanta wa Yaya duka jiya da daddare, da na zo kan maganar benci ɗaya sai ta ce in tambayi Maman Khalifa ko ta taɓa ganin ta ne, don ƙannen mijin nata haka suke yi mata, ɗaya har tsaki take ja in ta wuce.

Baba, na janye rabin maganata. Shaidanmu mafi ƙarfi wani tsoho ne mai sayar da itace, shi ya sa hannu a cinikin gidan. Sau biyu ya zo, duka biyun ni na je na ɗauko shi na mayar, na biya masa cinikin da ya rasa. Da a bayan gari ne ban jin zai yarda ya zo na biyun. Amma rabin da ya rage ina nan a kansa. Ɗaya ɓangaren sun ce in hukunci bai yi musu ba za su ɗaukaka ƙara, lauya kuma ya ce daga nan takardu ne za su yi ta tafiya daga wannan ofis zuwa wancan, kuma na san ƙafata ce za ta kai su. Waɗannan na saman dai a haɗa mana su wuri ɗaya, a sa lifta.

Ainihin takardar cinikin na karɓe ta daga hannun Yaya da ƙyar, tana cikin akwatin keken ɗinkina na gida, na yi mata kwafi uku. Barista, tambaya ɗaya ta rage. An ce in za a ɗaukaka ƙara sai an nemi kwafin shari'a, namu kuma da hannu aka rubuta shi, shekara uku, alƙalai biyu, ɗayan rubutunsa ko akawun sai ya kanne ido yake karantawa. Mu ne za mu nema tun yanzu a fara bugawa, ko sai wanda ya ɗaukaka? Ranar Talata ta sama za mu koma, an ce ƙarfe tara.